Ranar da Yaya ya ari kunnena

Daga Allah muke, kuma gare Shi za a mayar da mu. Yayana ya riga ni tafiya. Shi ne na fari a ɗakin mahaifiyarmu, ni ce auta, waɗanda ke tsakaninmu kuwa duk sun daɗe da kwantawa. Yanzu saura ni kaɗai. An sallace shi a Haramin Makka bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi. Ni ban yi makaranta ba. Jikata ce take riƙe da alƙalami, na kuma ce mata ta rubuta yadda na faɗa, ko da maganar ta yi gaba ta dawo baya.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a gidansa na unguwar Ka'akiyya. Maza suna waje a kan kujeru jere, ana zagaya su da gahawa da dabino, mu mata muna sama a kan darduma. Kowa ya shigo sai ya ce Allah ya girmama lada, ya zauna, can kuma ya fito da nasa guntun labarin. Duk labarin katako ne. Wata 'yar Damagaram mai sayar da tufafi a Kudai ta ce shekara da shekaru ƙofarta tana kuka, ya zo ya tsaya ya karkata kai ya saurare ta kamar alƙali na sauraron ƙara, ya taɓa wuri ɗaya, har yau ba ta sake motsin banza ba. Wata ta ce shi ya haɗa gadon aurenta, ta haifi tara a kansa bai ko girgiza ba. Aka yi 'yar dariya irin ta gidan mutuwa, wadda ake rufe baki da mayafi. Kowa cewa yake kafinta, kafintan kirki. Ni dai ina jan carbi.

A rana ta biyu bayan la'asar sai ga wata Balarabiya, za ta kai hamsin, doguwa, cikin baƙar abaya marar ado, hannunta ba lalle ba zobe. Babu wadda ta san ta sai ni. Ta tsaya a bakin ƙofa tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ta iso kaina. Sai ta tako ta durƙusa, ta kama hannuwana biyu, ta ce da Larabci, "Ke ce mai guɗa." Daga nan ta kifa kanta a gwiwata ta yi kuka irin wanda ko 'ya'yan cikinsa ba su yi ba. Da numfashinta ya dawo, ta gaya wa matan cewa daga Ɗa'ifa take, kuma tun kafin a haife ta marigayi yake riƙe da muryar piyanon kakarta, yanzu ba ta san hannun wa za ta sa shi ba.

Wata tsohuwa ta raɗa wa ta kusa da ita ko wani irin kabad ne piyanon. Aka ce mata a'a, kayan kiɗa ne na Turawa. Kafin a kira magariba maganar ta sauka matakala ta shiga cikin maza.

Babban ɗan marigayi, wanda ke kula da motocin alhazai a Kudai, mutum ne mai kamun kai, ba ya fashin sahun farko. Ya aiko aka kira ni bakin matakala, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ki rufa mana asiri. Baba kafinta ne. A haka aka san shi, a haka za a bar shi." Ya tuna mini cewa ana maganar auren babbar 'yarsa, kuma mahaifin yaron yana cikin masu zama a waje tun jiya, mutanen da har yau suke tambayar asali kamar jiya suka baro gida. Wa zai kai wa ɗansa jikar makaɗi? Ya ce koren akwatin da ke ƙarƙashin gadon marigayi, da zarar an tashi daga makoki zai kai shi inda ba mai sake ganinsa. Na ce ya fara kawo mini akwatin, ya kuma ba ni zuwa gobe.

Ban ga laifinsa ba. Abin da ya faɗa na riga shi faɗa, har na fi shi zafi. Shi ya sa nake son a rubuta wannan, domin na taɓa binne sunan Yaya da ransa, ba zan so a sake binne shi da bakina a rufe ba.

Mahaifinmu da ƙafa ya iso garin nan, ta Sudan, yana tafiya yana tsayawa ya yi noma ya sake tashi, har shekara bakwai. Da ya sauke farali bai koma ba. Ya kama sana'ar ruwa, lokacin da ake shayar da alhazai da 'yan tulunan ƙasa masu siririn wuya. Ba ya karɓar tulu sai ya ɗaga shi kusa da kunne ya ƙwanƙwasa da farce. Ya koya mana cewa lafiyayyen tulu muryarsa ɗaya ce, ta fita ta miƙe ta tafi. Mai tsaga kuwa, ko ido bai ga tsagar ba, muryarsa rawa take yi, kamar mutum biyu na magana da baki ɗaya. Da yamma yakan jera tuluna a tsakar gida ya sa mu rufe ido, Yaya yana saurayi mai ɗan gashin baki, ni ko zani ban iya ɗaurawa ba. Yaya yakan kama tara cikin goma. Na goman ni ke kamawa. Haushi ya ishe shi, ya ce ai ko ƙuda ya yi tari sai auta ta ji.

Ƙwanƙwasar nan ba ta bar shi ba har tsufa. Kofin shayi, ƙofar masallaci, kan jikokinsa, duk abin da ya zo kusa da farcensa sai ya ji muryarsa. Bai taɓa kawo mana kankana marar zaƙi ba. Idan lasifikar masallacin unguwa ta fara ɗan gurnani a ƙarƙashin muryar ladan, irin wanda babu mai ji, sai ya kasa zama, ya je ya ishi masu kula da masallacin har a gyara. Suna ganinsa tafe sukan ce ga mai kunne nan, yau kuma me muka yi?

Yana da shekara ashirin da 'yan kai aka ɗauke shi aikin katako a Ɗa'ifa, can kan duwatsu inda ake sanyi da furen wardi. Wata tsohuwar fada ce ta wasu manyan mutane, hawa uku, farin bango, tagoginta na katako ne sassaƙaƙƙu masu ƙananan huda, waɗanda mace ke leƙen waje ba a gan ta ba. Su aka ɗauke shi ya gyara. A babban zauren sama akwai wani baƙin akwati mai ƙafa uku, ya fi gadon amarya girma. Wai ta jirgin ruwa aka kawo shi tun zamanin da, aka hau da shi dutse a hankali, saboda uwar gidan da aka auro daga ƙasar Turkawa. Shi ne piyanon. Wani tsohon Bamisire ne ke zuwa sau biyu a shekara ya daidaita masa murya. Rannan tsohon ya gama aikinsa yana tattara kaya, Yaya na gefe yana goge taga, sai ya ce masa cikin ladabi akwai murya guda ɗaya can wajen dama da har yanzu take da tsaga. Tsohon ya ɓata rai. Ya koma ya danna, ya sake dannawa. Ya dubi Yaya da garin katako a gashin kansa, ya tambaye shi wa ya koya masa. Yaya ya ce tulu.

Shekara shida tsohon yana koya masa, da ya rasu sai aikin ya dawo hannunsa. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Ni sai da ita ta rasu na sani, shekara ashirin da biyar ke nan. Ina share ɗakin na jawo koren akwatin ƙarfe, na buɗe na ga wani makulli mai dogon hannu, da yanke-yanken jan ƙyalle mai kauri, da ɗan ƙarfe mai yatsu biyu. Na san kayan kafinta, waɗannan ba su ba ne. Na tambaye shi, bai yi mini ƙarya ba.

Allah ya yafe mini abin da na faɗa masa ranar, gawar matarsa ko kwana uku ba ta yi ba. Na ce ɗan mutumin da ya shayar da baƙin Allah, wanda yake hawa soro ya hango hasken Harami, shi ne ya koma bawan kayan kiɗa. Na ce a ƙasar da iyayenmu suka fito makaɗi a bakin ƙofa yake tsayawa, ba a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Auta, ni ban taɓa kaɗa komai ba. Ko waƙa ɗaya ban iya ba. Ni mai ɗori ne, karaya nake gyarawa." Na ce ɗorin shaiɗan ne, na ɗauki takalmina.

Shekara biyu ban taka gidansa ba. Shi kuwa duk ranar da ya sauko daga Ɗa'ifa sai ya ajiye rumman da inabi a bakin ƙofata, ya ƙwanƙwasa sau uku ya tafi. Ni kuma in kwashe in raba wa maƙwabta. Da labari ya kai masa, sai ya fara kawo kwando biyu, ya ce wa maƙwabtan su ci ɗaya, su yi wa Allah su rage mini ɗayan. Ranar da mai gidana ya rasu, ban aika masa ba, amma shi ya yi wankan, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Daga nan muka shirya, ba tare da ɗayanmu ya ce komai ba. Muka ajiye maganar piyano a gefe, shekara ashirin da uku babu wanda ya ɗaga ta.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, uwar gidan fadar nan ta daɗe da rasuwa, 'ya'yanta suka watse Jidda da ƙasashen waje, aka rufe fadar, sai mai gadi da tantabaru. Kusan shekara talatin babu yatsan da ya kaɗa piyanon nan. Amma sau biyu a shekara, idan sanyi zai shiga da idan zai fita, Yaya zai hau mota ya haura dutse, ya buɗe zauren, ya wuni yana daidaita muryoyin da babu mai saurara. Ya jera kasake da ruwa a ƙarƙashinsa don kada bushewar iska ta tsaga katakon, ya koya wa mai gadi cika su. Ya rufe, ya sauko. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi an ba shi amana, kuma ba a zo an ce ya sauke ba.

Ana nan ana nan, zamani ya juya. Aka gyara fadar, aka buɗe ta ga jama'a, aka ce za a riƙa taruwa a zauren sama ana sauraron piyano. Jikar uwar gidan, ita ce matar da ta zo ta'aziyya, ta yi shekaru a waje tana koyon wannan fanni, ta dawo. Masu shirya taron suka ce za a kawo sabo daga Jidda, domin na kakarta ya daɗe da mutuwa. Ta shiga zauren don ta yi masa bankwana, ta ɗaga murfin ta danna, sai ya amsa mata da murya garau kamar jiya aka bar shi. Ta sauka da gudu ta tambayi mai gadi wane ne ke kula da shi. Daga ranar ta ce ba ta zama a gaban wani piyano sai shi.

Bara, wata biyu bayan aikin hajji, Yaya ya zo gidana da hantsi. Na ajiye masa shayi, ya ɗauka ya sha bai ƙwanƙwasa kofin ba. Nan na san akwai magana. Ya ce kunnensa ya tafi. Manyan muryoyi na wajen hagu yana jin su a ƙashinsa, amma ƙananan nan sirara na wajen dama sun fi shekara da ɓace masa, ya ɓoye. Ga shi gobe ne babban taro. Idan ya faɗa, za su kawo wani daga Jidda mai aiki da na'ura, wanda tuni ya ce a cire tsofaffin wayoyin duka a sa sababbi. Ya ce in an yi haka akwatin zai zauna, amma muryar da aka ba shi amana ta tafi ke nan.

Ya dube ni ya ce, "Auta, ara mini kunnenki na wuni ɗaya. Ba kiɗa za ki ji ba. Tulu za ki ji."

Na ce in aka tambaye ni ranar gobe ƙiyama fa? Ya ce in ce shi ya kai ni. Na ce a ranar kowa kayansa yake ɗauka. Sai ya sunkuyar da kai yana duban hannuwansa. Mutum mai shekara tamanin da bakwai, wanda tun da na yi wayo bai taɓa roƙona ko allura ba. Na tashi na ɗauko abayata.

Hanyar dutsen nan sai murɗewa take yi, birai zaune a gefe suna kallonmu, ni kuwa salati kawai nake. Da muka isa na cire takalmi a bakin ƙofa, mai gadi ya ce ba sai na cire ba, na ce ban saba shiga wuri irin wannan da takalmi ba. Matakalar dutse ce mai sanyi, tsakiyarta ta lotsa saboda sawun waɗanda suka shuɗe. A zauren, hasken rana yana shigowa ta hudar tagogin Yaya, yana zuba a ƙasa ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Ya ɗaga babban murfin ya tokare shi. Na leƙa na ga wayoyi fiye da ɗari biyu a miƙe kamar zaren masaƙi, a kan ƙarfe mai launin zinariya, babu tsatsa ko ɗis. Na ce Allah mai iko, wannan duk mutum ne ya yi?

Ya nuna mini cewa a wajen dama kowace murya waya uku ce, kuma dole ukun su yi magana kamar ɗaya. Ya buga ɗan ƙarfen nan mai yatsu biyu a gwiwarsa, ya dafa gindinsa a ƙashin bayan kunne, ya lumshe ido, ya ɗauki muryar farko daga nan. Sai ya cusa jan ƙyalle ya toshe bakin waya ɗaya, ya bar biyu. Na zauna a ƙasa na rufe ido kamar yadda muke yi a tsakar gidan mahaifinmu. Ya danna. Na ji ta sarai, muryar na rawa, biyu suna gardama. Na ɗaga hannu ina kaɗa shi, domin ba zai ji bakina ba sai na yi ihu. Ya sa makulli ya murɗa kaɗan. Rawar ta ragu. Ya ƙara. Ta ƙara lafawa, ta zama kamar numfashin mai barci, sannan ta tsaya. Na sauke hannu. Ya wuce ta gaba.

Haka muka yi tun daga azahar, muka tashi muka yi la'asar muka dawo. Can kusa da ƙarshe wata ta ƙi. Ya ce ta zauna, hannunsa ya san wurin, shekara sittin yake kai ta nan. Na ce da sauranta. Ya ce taurin kaina ne bai zauna ba. Na ce to ya kira na Jidda mana. Muka yi ta musu da ƙarfi, tsoho da tsohuwa, har mai gadi ya leƙo. Daga baya ya yi tsaki, ya ce ƙuda ya sake tari, ya taɓa makullin kamar mai shafa kan jariri. Ya danna. Muryar ta fita guda ɗaya, siririya, ta miƙe ta ratsa zauren, ta fita ta tagogi, ina bin ta da kunne har na rasa inda ta ƙare. Ban taɓa jin abu mai tsabta haka ba. Na buɗe ido na ga yana dubana, ya ce ba sai na sauke hannu ba, ya gani.

Niyyata in koma Makka a ranar. Ya ce wanda ya yi ɗori yakan tsaya ya ga an taka ƙafar. Na kwana wajen iyalin mai gadi, washegari bayan magariba zauren ya cika, maza da mata, manya da yara. Abin da ya fara ba ni mamaki shirun ne. A saninmu inda ake kiɗa akwai hayaniya da shewa, amma waɗannan sun zauna kamar masu jiran huɗuba. Mu biyu muka zauna a kan benci a bayan wata sassaƙaƙƙiyar taga ta ciki, muna ganin kowa ba a ganinmu. Matar ta fito ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗaga su.

Ba ni da kalmomin wannan abu. An ce wanda ya tsara shi ya mutu tun kafin a haifi kakan kakana, a wata ƙasa mai ƙanƙara, babu waƙa a ciki, babu ko kalma ɗaya. Ya fara kamar farkon ruwan sama a garin nan, ɗigo nan ɗigo can a kan busasshiyar ƙasa, ba ka san ko zai zuba ba. Hannunta na hagu yana tafiya a hankali, da nauyi, taki bayan taki, sai na ga mahaifinmu da tuluna a kafaɗa yana hawan tudu. Na dama kuwa yana gudu yana dawowa yana zagaya shi, kamar yarinyar da aka fita da ita. Can sai abin ya cika ya tumbatsa, ya gangaro kamar yadda ruwa ke gangarowa daga duwatsun Makka ya cika kwari, har na riƙe bencin. Cikin duk wannan ina gane muryoyinmu ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai kan wadda muka yi musu, ta taɓa ta sau uku, ta bar ta ita kaɗai a cikin shirun mutane. Ba ta yi rawa ba.

Na juya in ga Yaya. Ya manna tafin hannunsa a jikin katakon tagar, idonsa kuwa ba ya kan matar, yana kaina. Ya matso ya ce, "Ba na ji, Auta. Fuskarki nake saurara."

Sai matar ta ɗaga hannu, komai ya tsaya. Ni na ɗauka an gama, ashe hutu ne na tsakiya wanda ko tari ba a yi a cikinsa. Ban san lokacin da abin ya taso mini daga ciki ba. Ni da rabona da guɗa tun auren 'yata ta ƙarshe, na sa hannu a hanci na rangaɗa ta, ta cika zauren har rufi. Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Matar ta ɗago ta dubi tagar da muke, ta yi murmushi, ta jira guɗar ta gama mutuwa, sannan ta ci gaba. Yaya kuwa kafaɗunsa sai rawa suke, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Wannan kam na ji."

Da aka tashi, matar ta zagayo bayan tagar ta gaishe mu. Malamai sun san abin da suka karanta, ni ba zan yi musu da su ba. Na yi istigfari a hanyar dawowa, ina kuma yi har yau. Amma ba zan ƙara zunubin ƙarya a kai in ce ban ji abin da na ji ba.

Yaya bai sake hawa dutsen ba. Wata takwas bayan nan ya kwanta kwana uku, ya cika da hantsi, kalmar shahada a bakinsa.

A safiyar rana ta uku ta makoki babban ɗansa ya kawo mini akwatin. Na zaunar da shi na ba shi labarin nan duka, har da abin da na faɗa wa mahaifinsa da shekara biyun da na yi ina raba rumman. Na ce 'ya'yansa nasa ne, ba zan tilasta masa ba, amma duk wanda ya tambaye ni zan faɗa, kuma akwatin ba ya zuwa juji ina raye. Na ɗauko ɗan ƙarfen na buga a gwiwata, na dafa masa a bayan kunne. Ya rufe ido, ya daɗe. Da ya buɗe ya ce ya san wannan muryar. Yana ƙarami, da ita mahaifinsa ke tashinsa sallar asuba, ya dafa masa a goshi don kada ya firgita. Ya ce shi duk zatonsa abin gwada katako ne. Ya tashi ya fita, bai ɗauki akwatin ba.

Bayan la'asar ina zaune kusa da tagar sama, maza na ƙasa a kan kujerunsu. Mata suna ta hira, amma kunnena yana waje. Na ji mahaifin yaron da ke neman 'yarsa ya gyara murya, ya ce ya ji ana wata magana jiya, shin wace sana'a ce ainihin ta marigayi? Kofunan gahawa suka daina ƙara. Na ajiye carbina.

Sai na ji ɗan yayana ya ce, "Kafinta ne. Kuma shekara sittin yana gyara muryar piyano a wata fada a Ɗa'ifa. Amana aka ba shi, ya riƙe har ya mutu."

Abin da mutanen za su yanke yana hannun Allah, har yau ba su aiko ba, ba su kuma janye ba. Ni dai na rufe ido na saurari muryar ɗan yayana tun daga farkonta har inda ta ƙare. Guda ɗaya ce, ta fita ta miƙe. Babu tsaga.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ya sanyaya makwancinka, Ya mayar maka da kunnenka a gidan da ya fi wannan.